Wa Ya Raya Dajin? Nazari a kan Fim ɗin "Der Waldmacher" da Fatan Rage Ɗumamar Duniya

An daɗe labarin ɗumamar duniya ba ya zuwa wa mutanen Sahel sai da baƙar fuska: fari, ambaliya, gurgusowar hamada, da tarurrukan shugabanni da ake watsewa ba a tsinana abin kirki ba. Saboda haka duk aikin fasahar da ya zo da albishir a kan wannan batu ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira, balle wanda ya ɗauko albishir ɗin daga gonakin jihar Maraɗi. Irin wannan aiki ne fim ɗin "Der Waldmacher", wato "Mai Yin Daji", wanda Bajamushen nan Volker Schlöndorff ya shirya, aka fara nuna shi a gidajen silima na Jamus a shekara ta 2022. Wannan nazari zai auna fim ɗin da ma'auni biyu: abin da tarihi ya tabbatar game da farfaɗowar itatuwa a kudancin Nijar, da abin da manomi da makiyayi na ƙasar Kornaka, cikin gundumar Dakoro, za su gane a matsayin rayuwarsu. Tambayar ita ce: shin fatan da fim ɗin ke ɗauke da shi yana da tushe, in kuwa yana da shi, a ina yake?

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Schlöndorff tsohon hannu ne a sana'ar silima. Fim ɗinsa "Die Blechtrommel" ya ci babbar kyautar Cannes a 1979, ya kuma ci Oscar a 1980. A wannan karo ya ajiye ƙagaggen labari, ya ɗauki kyamara ya bi wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo zuwa Nijar da Habasha da Gana da Senigal. Rinaudo ya sauka Nijar a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ya zauna Maraɗi har ƙarshen shekarun 1990. Da fari aikinsa dashen itatuwa ne, kuma yawancin abin da ya dasa rana da iska da awaki suka gama da shi. A 1983, kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, ya tsaya a wata hanya mai rairayi don ya rage iskar tayar motarsa, sai ya lura cewa ƴan kurmin da ke warwatse a gonaki toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa. Ya kira wannan abu dajin ƙarƙashin ƙasa, sunan da ya ba littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2022.

Dabarar da ta biyo baya ba ta da wuyar bayani. Lokacin sassabe, maimakon manomi ya share duk tohon kalgo da sabara da taramniya ya cinna musu wuta, sai ya zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ya yanke sauran, ya riƙa yi wa waɗanda ya bari aski har su miƙe su zama icce. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba a bukatar ban ruwa, ko gandun renon tsirrai, ko kuɗi. Adda ko gatari sun isa. A ƙasar Maraɗi ana kiran wannan aiki sassaben zamani.

Yabon gwani ya zama dole. Fim ɗin yana da natsuwa, ba ya razana mai kallo da hotunan gawar shanu kamar yadda aka saba a finafinan fari. Ya bar mai kallo ya ji Rinaudo yana Hausa da manoma, ya ga irin tarbar da tsofaffin abokan aikinsa suka yi masa. Schlöndorff ya kuma ba wasu masu shirya fim ƴan Afirka, irin su Alassane Diago na Senigal da Idriss Diabaté na Kodebuwa, fili a cikin aikin, abin da ba kasafai manyan masu silima na Turai ke yi ba. Mafi muhimmanci, ya isar wa Turawa da wata gaskiya da ta yi musu wuyar karɓa: cewa babban aikin gyaran ƙasa da aka gani a Sahel bai ci kuɗin a-zo-a-gani ba.

Tsohon zubi: gwarzo ɗaya da hamada

Matsalar fim ɗin tana farawa ne daga sunansa. "Mai Yin Daji" mutum ɗaya ne. Malaman da suka yi karatu da Faransanci za su tuna da gajeren labarin Jean Giono, "L'homme qui plantait des arbres", wanda ya rubuta a 1953, inda wani makiyayi kaɗai, Elzéard Bouffier, ya mayar da busasshen tsauni daji. Giono ya bayyana daga baya cewa shi ya ƙirƙiri Bouffier. Amma zubin labarin ya zauna a zukatan masu karatu na Turai, har ya zama duk labarin itatuwa sai an nema masa gwarzo guda. A 2010 an yi fim a kan Yacouba Sawadogo, manomin Yatenga a Burkina Faso wanda ya inganta noman ramuka da ake kira zai, aka sa masa suna "Mutumin da Ya Tsayar da Hamada". A 2018 Sawadogo da Rinaudo duka sun sami kyautar Right Livelihood a Suwidin. Babu mai musun cancantarsu. Sai dai zubin gwarzo ɗaya yana da farashi: yana mayar da dubban mutanen da suka yi aikin ƴan rakiya, masu tafi da guɗa a bayan baƙo.

Adadin da ake kafa hujja da shi ma ya isa ya nuna ƙuncin wannan zubi. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da masanin Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsu suka yi a tsakiyar shekarun 2000, ta hanyar gwama hotunan jirgin sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan, ya kiyasta cewa itatuwa sun dawo a gonakin da suka kai hekta miliyan 5, kimanin icce miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wani nazari na 2009 ya kiyasta ƙarin hatsin da ake samu a dalilin haka da tan 500,000 a shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hekta miliyan 5.

Abin da tarihi ya nuna

Labarin da Rinaudo ya bayar da bakinsa ya fi na fim ɗin sarƙaƙiya. A yunwar 1984, wadda mutanen Nijar ke kira El Buhari, shirinsa ya raba abinci a ƙauyuka wajen 100 bisa sharaɗin a bar toho a gonaki. An bar itatuwa kimanin 500,000. Da damana ta yi kyau aka daina rabon abinci, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu, su ne suka ga amfanin abin: iccen girki a kusa, harawar dabbobi da rani, da kariya daga iskar farkon damana da ke binne shuka da rairayi har manomi ya yi binne sau biyu ko uku. Daga gonakinsu maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Gani ya kori ji. Ke nan abin da ya yaɗa dabarar shawara ce da kowane magidanci ya yanke da kansa bayan ya yi lissafin riba da hasara.

Akwai kuma tambayar da fim ɗin bai zurfafa a kanta ba: me ya sa tun farko manomi yake share gonarsa ƙwal? Dokar daji ta mulkin mallaka ta 4 ga Yuli 1935, da dokar Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sa itatuwa masu daraja irin su gawo a ƙarƙashin ikon hukuma, ko da a gonar mutum suke. Manomi ya san in ya bar icce ya girma, ranar da ya sare reshe ma'aikacin daji zai ci shi tara. Ga kuma malaman gona na wancan zamani da ke koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda garmar shanu za ta ratsa ba tare da cin karo da kututture ba. Mutum ba ya renon abin da zai jawo masa tara. Abubuwa sun fara sauyawa bayan taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, sa'an nan da raunin da hukuma ta yi a karkara a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙara wa manoma ƙarfin gwiwa, kana wata doka ta 30 ga Yuli 2020 ta amince ƙarara da haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena a gonarsa. Icce ya dawo ne lokacin da ya zama na mai gona.

Hujja mafi ƙarfi tana gabas. A ƙasashen Magarya da Matamai da Mirya, binciken da Larwanou da abokansa suka yi a 2006 ya tarar da gawo ya cika gonakin da suka kai wajen hekta miliyan ɗaya, alhali shirin Maraɗi bai yi aiki a can ba. Mutanen Damagaram sun san gawo tun kaka da kakanni, sun san yana kaɗe ganye da damana ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina taki. Har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya tanadar wa mai sare gawo a ƙarni na 19. Da tsohuwar zuma ake magani. Gudummawar Rinaudo ita ce ya tsara dabarar, ya dage a kanta lokacin da ake yi masa dariya, ya kai ta wasu ƙasashe. Wannan babban aiki ne, kuma bai bukatar a ƙara masa gishiri.

Waɗanda ba a gani ba

Kornaka wuri ne mai kyau na gwada ƙarfin wannan labari. Ƙasa ce ta jigawa a kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, kwarin Gulbin Kaba ya ratsa ta, daga arewa kuma ga kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma da kiwo. Garken Fulani da na Buzaye suna bi ta burtulanta sau biyu a shekara, hawa da sauka. A irin wannan wuri icce yana da masu haƙƙi da yawa. Mai gona yana ganin nasa ne. Makiyayi, wanda ya saba shiga gonaki bayan an sake su da kaka, yana ganin reshen gawo da na kalgo abincin dabbarsa ne tun zamanin kakanni. Macen da ke yankan kaba don saƙar tabarma da igiya da faifai, da ita take sayen gishiri da sabulu, alhali duk tohon kabar da aka yi ta yanka ba zai taɓa zama goriba mai ƴaƴa ba.

Ranar da aka ce icce na mai gona ne, an warware matsala ɗaya an ɗaura wata: ina makomar wanda ba shi da gona? Jihar Maraɗi ta san abin da rikicin manoma da makiyaya ke haifarwa. A Toda, cikin gundumar Gidan Runji, an kashe mutum fiye da 100 a watan Oktoba na 1991, yawancinsu mata da yara. Inda sassaben zamani ya yi ƙarko, kamar a Ɗan Saga ta ƙasar Agye, sai da aka kafa kwamitocin sa-ido na ƙauye da suka haɗa maza da mata da makiyaya, aka yi yarjejeniya a kan wa zai sari me, yaushe, da tarar wanda ya karya. Wannan zaman sulhu a gindin icce, da gardamarsa da rantse-rantsensa, shi ne ainihin wasan kwaikwayon da ke cikin labarin, kuma shi ne zubin gwarzo ɗaya ba ya iya ɗauka.

Iyakar abin da icce zai iya

Fim ɗin ya fito a lokacin da Turai ke neman abin da zai kwantar mata da hankali game da yanayi, kuma mai kallo na iya fita daga silima da tunanin cewa itatuwan Afirka za su shanye hayaƙin duniya. Lissafi bai yarda da haka ba. A 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken Compton Tucker da abokan aikinsa, waɗanda suka ƙidaya itatuwa kusan biliyan 10 a busassun ƙasashen Afirka da ke tsakanin Sahara da yankin dazuzzuka, daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya. Duk kabon da ke jikinsu, saiwa da gangar jiki da ganye, bai wuce tan miliyan 840 ba. In aka juya shi zuwa iskar kabon, ya yi daidai da abin da duniya ke fitarwa daga kwal da fetur da gas a cikin wata ɗaya kacal, tun da abin da take fitarwa a shekara ya haura tan biliyan 37. Itatuwan Nijar miliyan 200 ɗan yanki ne na wannan adadi.

Bugu da ƙari, ɗan Nijar yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan guda a shekara, Ba'amurke kuwa wajen tan 14. Masana sun kuma nuna cewa farin shekarun 1970 da 1980, wanda aka daɗe ana ɗora laifinsa a kan gatarin manomi da bakin akuya, yana da alaƙa mai ƙarfi da sauyin zafin tekuna da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka. Saboda haka duk labarin da zai sa manomin Kornaka ya zama mai wanke dattin da wasu suka zubar, ya kamata a karɓe shi da hattara. Cinikin kabon, wanda aka gwada a Humbo ta Habasha a kan hekta 2,700 da ƴan kai, yana iya kawo wa ƙauye kuɗi, amma in ba a bayyana rabon a fili ba, sai ya zama kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Amfanin icce na farko ga mai shi ne: sanyin gona, taki, harawa, da abin sayarwa a shekarar da hatsi ya gaza, kamar yadda aka gani a ƙauyuka masu itatuwa a yunwar 2005.

Inda fatan yake

Duk da haka, darasin Maraɗi ya shafi duniya, ta wata fuska dabam. Tun 1975 ake dashen itatuwa a Nijar kowace ranar 3 ga Agusta, kuma Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 ta yi alkawarin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kawai aka gyara a yankin da aka shata. Manoman Maraɗi da Damagaram sun zarce wannan da addunansu. Dalili shi ne abin da ya dace ya zama mai araha, ribarsa kuma tana shiga rumbun wanda ya yi wahalar.

Irin wannan sauyi ne ke faruwa a fannin makamashi, inda maganin ɗumamar yake. Tsakanin 2010 da 2023 kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100. A watanni shida na farkon 2025, lantarkin da duniya ta samu daga rana da iska da ruwa ya zarce na kwal a karo na farko. A Nijar an buɗe tashar hasken rana ta Malbaza a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a 2023, ƙananan allunan sola kuma sun shiga ƙauyuka suna cajin salula suna jawo ruwan rijiya, ba tare da wani ya yi wa masu sayensu wa'azin yanayi ba. Lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar Paris a 2015, hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne zafin duniya zai ƙaru da digiri 3 zuwa 3.5 a ƙarshen ƙarni. Rahotonta na 2025 ya sauko da shi zuwa 2.8 bisa manufofin da ake bi, ko 2.3 zuwa 2.5 in ƙasashe suka cika alkawuransu.

Wannan ci gaba bai isa ba. Shekara ta 2024 ita ce ta farko da ƙarin zafin ya haura digiri 1.5, kuma a damanarta ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki. A Janairun 2025 Amurka ta sake shelar ficewa daga yarjejeniyar Paris. Amma saukowa daga 3.5 zuwa ƙasa da 3 cikin shekara goma ta nuna cewa ana iya karkata akalar abin, kuma kowane ɗan gutsuren digiri da aka rage yana nufin raguwar ranakun da gero zai ƙone a tsaye.

Kammalawa

"Der Waldmacher" fim ne mai kyakkyawar niyya da gaskiya a yawancin abin da ya nuna. Kasawarsa ita ce ya rataya fatan a wuyan mutum ɗaya, alhali tushensa yana cikin doka da mallaka da yarjejeniyar ƙauye da lissafin magidanci. Malamin da ya samu damar nuna shi ga ɗalibai zai kyauta in ya biyo shi da aiki: a fita gona a ƙidaya itatuwan hekta guda, a rubuta sunayensu da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a tambayi tsofaffi waɗanne ne suka ɓace bayan El Buhari, waɗanne suka dawo, wa ya bar su. Ƙungiyoyin al'adu kuwa, a ƙasar da ta haifi gwanayen wasan kwaikwayo irin su Yazi Dogo, suna da labari a shirye: mai gona, da makiyayi, da mai yankan kaba, da ma'aikacin daji, a gindin gawo ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen Gulbin Kaba sun fi kowa sanin yadda aka yi itatuwansu suka dawo.